Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugabannin Kula da Lafiya a Matakin Farko: A Riƙa Duba Bakin Yaranmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi muku sannu da ɗawainiyar jama'a. Ni malamar makarantar firamare ce, kuma uwa. Na rubuto ne da yawun 'yan'uwana malamai da iyayen yaran da muke koyarwa, domin mun daɗe muna wannan magana a tsakaninmu, har muka ga bai kamata ta tsaya a bakin aji ba. Mun san nauyin da ke kanku. Muna ganin aikinku a ranar rigakafi da ranar awon ciki, muna ganin yadda ma'aikatanku ke fama da zazzaɓi da tamowa da haihuwa, sau da yawa ba tare da isassun kayan aiki ba. Allah Ya saka da alheri. Kokenmu a kan sashe guda ne na jikin ɗan Adam da aka bari a baya, wato baki da haƙora.

Idan uwa ta kai yaro ƙaramin asibiti, za a ɗora shi a sikeli, a auna zafin jikinsa, a ja fatar idonsa a ga ko yana da jini, a duba katinsa na rigakafi. Da wuya a ɗaga leɓensa a ga halin da haƙoransa ke ciki. In ma an ce ya buɗe baki, to maƙogwaro ake son gani, ido ya tsallake haƙora ya wuce. Haka yaro zai girma ya zama magidanci ba wanda ya taɓa duba masa baki, sai daren da zogi ya hana shi barci.

Abin ba ƙarami ba ne. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Nuwamban 2022 ya nuna cewa kimanin mutum biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki, kusan rabin al'ummar duniya ke nan, kuma uku cikin kowane huɗu daga cikinsu suna zaune ne a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Mutum biliyan 2 na da ruɓewa a haƙoransu na dindindin, yara miliyan 514 kuma a haƙoransu na nono. Tun a 2021 Babban Taron Lafiya na Duniya ya zartar da ƙuduri cewa a shigar da lafiyar baki cikin kulawar matakin farko, a karkata ga kariya maimakon jiran ciwo, aka kuma biyo da shirin aiki na 2023 zuwa 2030. Ƙasashe sun amince da wannan. Mu dai har yanzu ba mu ga ya iso teburin ma'aikacin lafiyar da ke duba 'ya'yanmu ba.

Kokenmu na farko, kuma mafi girma, shi ne an bar iyaye cikin duhu game da haƙoran yara. Maganar da muka fi ji a bakin iyaye ita ce, "Ai na nono ne, zai famfare." Gaskiya ne haƙoran nono guda 20 za su fita su ba na dindindin wuri, amma ba lokaci guda ba. Na gaba suna fara famfara a wajen shekara shida, na ciki kuwa suna kaiwa shekara goma zuwa goma sha biyu. Yaron da matauninsa ya yi kogo yana ɗan shekara huɗu, shekara nawa zai yi yana jiran ya famfare? Kuma haƙorin nono shi ke tsare wa na dindindin gurbinsa. Idan aka cire shi kafin lokacinsa, na kusa da shi sai su matso, wanda zai fito daga baya ya rasa wuri ya karkace.

Akwai abin da ya fi wannan damun mu. A wajen shekara shida, matauni na farko na dindindin yana fitowa can ciki, bayan haƙoran nono, guda biyu a sama biyu a ƙasa, ba tare da wani haƙori ya faɗi ya ba shi wuri ba. Tunda ba a ga famfara ba, iyaye kan ɗauka shi ma na nono ne. Shi ne kuwa wanda yaro zai yi tauna da shi har tsufa, shi ne kuma ya fi saurin ruɓewa, saboda samansa na da ramuka ƙanana da abinci ke maƙalewa, ga shi can ƙurya inda buroshin yaro ba ya isa. Ina da wata ɗaliba 'yar aji uku, mai ƙoƙari da surutu, wadda ta koma kifa kai a kan benci, tafin hannunta manne da kunci. Lokacin tara ba ta cin komai sai da gefe guda, tana karkata kai tana taunawa a hankali. Ranar da ta zo kuncin ya kumbura har idon wannan ɓangaren ya ƙanƙance, na aika aka kira mahaifiyarta. Da suka je wurin likitan haƙori, ya ce ruɓewar ta cinye kan haƙorin, saura tushe, babu abin yi sai cirewa, kuma ba wani da zai sake fitowa a wurin. Uwar ta dawo tana hawaye tana cewa, "Malama, wallahi da na san na dindindin ne da ban bari ba." Ba ta yi sakaci ba. Ba ta taɓa fashin rigakafin yarinyar ba, wato ta sha zama a gaban ma'aikatan lafiya, amma ba wanda ya taɓa faɗa mata wannan jimla guda.

Mu malamai mun san abin da ciwon haƙori ke yi wa karatu. Yaron da ya kwana yana kuka ba ya fahimtar lissafi da safe. Wanda haƙoransa na gaba suka yi baƙi kan daina ɗaga hannu, in zai yi dariya ya rufe baki da hannu. Uwa kuma ta bar sana'arta ta wuni a layin asibiti.

Na biyu, abin da ake faɗa wa mutane game da goge baki bai wadatar ba. Ana cewa "ku riƙa goge haƙora", shi ke nan. Da yawa har yanzu sun yarda tsutsa ce ke cin haƙori, don ba a taɓa bayyana musu yadda abin yake ba, alhali bayanin ba shi da wuya. Akwai ƙwayoyin cuta da ke taruwa a jikin haƙori cikin wata dauɗa mai danƙo. Duk lokacin da sukari ya shiga baki, sai su ci, su fitar da wani tsami da ake kira asid, shi kuma ya fara narkar da farin rufin haƙorin nan mai ƙarfi. Bayan kamar rabin awa miyau yana wanke tsamin, ya fara mayar wa haƙori abin da ya rasa. To idan yaro ya tsotsi alewa yanzu, anjima ya kurɓi lemon kwalba, anjima biskit, miyau ba ya samun sararin yin gyara. Don haka yawan lokutan da ake shan zaƙi a yini shi ne babbar illa, ba yawansa a zama guda kawai ba. Da dare kuma miyau na raguwa, shi ya sa jaririn da ake kwantarwa da bulunboti mai abin zaƙi a baki haƙoransa na gaba na sama ke fara ruɓewa tun bai iya magana ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya gaza kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a yini, in son samu ne ma ya gaza kashi 5, wato kimanin ƙananan cokula shida ga babba. Gwangwanin lemo guda kan ɗauki har cokali goma.

Gogewar kanta tana da ƙa'ida, kuma mutane ƙalilan ne suka ji ta. Sau biyu a rana, na daren kafin kwanciya shi ne ba a wasa da shi. Minti biyu, da buroshi mai laushi, a bi ta inda haƙori ya haɗu da dasashi, ba dirza da ƙarfi ba. Man goge bakin ya kasance mai fuloraid, wanda aka rubuta 1000 zuwa 1500 ppm a jikinsa, wato ma'aunin yawan fuloraid ɗin da ke ciki, domin fuloraid ne ke taimaka wa haƙori ya mayar da abin da asid ya narkar. Ga yaron da bai kai shekara uku ba, ɗan shafe kamar ƙwayar shinkafa ya isa, daga uku zuwa shida kuma a ɗan ƙara kaɗan, babba yana tsaye a kansa don kada ya haɗiye. A fara tun ranar da haƙorin farko ya ɓullo, yawanci a wata na shida. Sai abin da ke ba kowa mamaki in mun faɗa a taron iyaye: bayan an goge, a tofar kawai, kada a kurkure da ruwa, don ruwan na tafiya da maganin da ya kamata ya kwana a jikin haƙori. Duk wannan bayani ba zai ci wa unguwarzoma ko mai rigakafi minti uku ba.

Ina so in ƙara wani abu a nan da ya shafi rai. Fitar haƙori na sa jariri dalalar miyau da ƙaiƙayin dasashi da rigima, amma ba ya kawo gudawa ko zazzaɓi mai zafi. Idan aka bar uwa tana cewa "haƙori ne" alhali yaro na gudawa, sai a zauna a gida har ruwan jikinsa ya ƙare. Wannan ma a bakin ma'aikacin lafiya ya kamata ta ji shi.

Na uku, manya ma an bar su. Mutum zai goge baki ya tofar ya ga jini, ya ce buroshi ne ya ji masa ciwo, sai ya daina goge wurin. Dasashi mai lafiya ba ya jini. Jinin alama ce ta kumburi, kuma a wannan mataki gogewa mai kyau tana warkar da shi. In aka bari, dauɗar tana yin kanta ta daskare yadda buroshi ba ya iya cire ta sai an kankare a asibiti, ciwon ya gangara ya fara cin ƙashin da ke riƙe da haƙori. Ba ya zafi, shi ya sa ake raina shi. Sai warin baki da ba ya jin magani, sai dasashi ya janye, sai haƙori lafiyayye da ba shi da kogo ko ɗaya ya fara girgiɗi. Kimanin mutum biliyan 1 ne ke da wannan ciwo a mataki mai tsanani, kuma kusan kashi 23 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 60 ba su da haƙori ko guda. Muna cewa tsufa ne, alhali ciwo ne da aka yi shekaru ba a kula ba. Tsohon da ba ya iya tauna, abincinsa ma raguwa yake yi.

Kuna da masu ciwon suga da ke zuwa awo wata-wata. An tabbatar cewa ciwon suga na tsananta ciwon dasashi, shi kuma ciwon dasashi na wahalar da daidaita sukarin jini. Kuna da masu juna biyu, waɗanda dasashinsu ke saurin kumbura da jini saboda canjin da ciki ke kawowa, wasunsu kuma suna haƙuri da zogi wata da watanni don an ce musu ba a taɓa haƙorin mai ciki, alhali ana iya yi mata aiki lafiya lau. Waɗannan mutane suna zaune a gabanku. Ba nemo su za a yi ba.

Na huɗu, da yake babu inda za a je tun abin yana ƙarami, jama'a sun koma yi wa kansu magani. Mai ciwon haƙori zai sayi maganin kashe zogi da na kashe ƙwayoyin cuta ya sha, ciwo ya lafa, ya dawo, ya sake sha. Ƙwaya ba ta cike kogo, ba ta fitar da mugunyar da ta taru a tushen haƙori, sai dai ta ƙara wa ƙwayoyin cuta bijire wa magani. Wani zai danna asfirin a jikin dasashi, ya ƙone naman wurin ya yi fari. Idan zogi ya ɗauke kwatsam, mutum ya yi murna, bai san sau da yawa jijiyar haƙorin ce ta mutu ba, ciwon kuma yana nan yana cin ƙasa. Kumburin da ya gangara ƙarƙashin haɓa ko ya haura wajen ido, tare da zazzaɓi, ko kasa buɗe baki, ko wahalar haɗiya, yana iya toshe numfashi ya kashe mutum. Ya kamata duk wanda ke karɓar marasa lafiya ya san wannan ba na "je ka dawo gobe" ba ne.

Wanda ya daure ya isa wurin likitan haƙori kuwa, yakan isa ne lokacin da babu sauran zaɓi sai cirewa. Daga nan mutane suka ɗauka aikin likitan haƙori ke nan, suke ƙara gudunsa.

Abubuwa biyu ne suka rage, kuma dukansu dubawa da wuri ce ke raba rai da mutuwa a cikinsu. Ana samun sababbin masu sankarar baki kimanin 380,000 a kowace shekara a duniya, taba da giya su ne kan gaba wajen jawo ta. Gyambon baki da ya wuce mako uku bai warke ba, ko wani fari ko ja da ba ya gogewa, dole a tura mai shi a bincika. Sai cutar da masana ke kira noma (ba noman gona ba), mai cin naman baki da fuska, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a Disambar 2023. Tana kama yara 'yan shekara biyu zuwa shida masu fama da tamowa, tana farawa da ɗan gyambo a dasashi, cikin kwanaki ta ci kunci da ƙashi. In ba a yi magani ba, tana kashe kusan tara cikin goma. In an gan ta a farko, maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsaftar baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. Ma'aikacin da ke auna damtsen yaro mai tamowa shi ne ya fi kowa damar ganinta, in dai zai ɗaga leɓe.

Ranku ya daɗe, mun san likitocin haƙori kaɗan ne, akasarinsu kuma a manyan birane suke. Ba muna neman a kafa kujerar haƙori a kowane ƙaramin asibiti ba ne. Abin da muke roƙo yana cikin ikonku.

Muna roƙon a mayar da duba baki wani ɓangare na kowane awo: ranar rigakafi, ranar awon ciki, ranar masu ciwon suga, da wurin kula da masu tamowa. Tocila da safar hannu da minti guda sun isa. A buɗe masa gurbi a kati da rajista, domin mun lura abin da ba a tambayar ma'aikaci lissafinsa a ƙarshen wata, shi ne ake fara bari in layi ya yi tsawo.

Muna roƙon a horar da ma'aikatan jinya da unguwarzoma da ma'aikatan lafiya na al'umma, su iya gane farin tabon da ke fitowa a gindin haƙori kafin ya zama kogo, su iya bambanta abin da za su yi da kansu da wanda za su tura gaba, a kuma rubuta musu a fili inda za su tura. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka abubuwa uku na haƙori cikin jerin muhimman magunguna: man goge baki mai fuloraid, da wani ruwan magani mai azurfa da fuloraid da ake ɗiga wa kogo ya tsayar da ruɓewa, da wani simintin ciko mai sakin fuloraid a hankali. Ruwan maganin yana mayar da wurin da ya ruɓe baƙi, don haka sai an yi wa iyaye bayani tukuna, amma ba allura, ba injin haƙa, yaro ba ya kuka. Shi kuma simintin, ana yin ciko da shi ta wata hanya da aka ƙirƙiro a Tanzaniya tun a tsakiyar shekarun 1980, da kayan hannu zalla, ba tare da wutar lantarki ba. Muna so mu ga waɗannan abubuwa a ɗakin ajiyar magunguna na ƙananan asibitoci, da wanda aka koya wa aiki da su.

Muna roƙon ku haɗa kai da hukumomin ilimi a fara goge baki na haɗin gwiwa a makarantun renon yara da ƙananan azuzuwa, malami yana tsaye, kowane yaro da buroshinsa. An gwada a Skotland, wani yanki na Birtaniya. A 2003 kashi 45 cikin 100 ne kawai na yara 'yan shekara biyar a can ba su da ruɓewar da ake gani, zuwa 2018 adadin ya haura kashi 70, kuma goge baki kullum a makarantun reno na daga cikin ginshiƙan shirin nasu. Ku kuma mara mana baya da muryarku ta masana a kan rage sayar da kayan zaƙi a harabar makaranta, don in malami ne kaɗai ya yi magana, ana ɗauka tsanani ne.

A horon da za a ba malamai, a sa taimakon gaggawa. Yara na faɗuwa a filin wasa, haƙori ya fita ɗungurungum. Na ga wanda aka kawo haƙorinsa na gaba a naɗe cikin takarda, an wanke shi an goge tas, ya bushe, aka kai shi asibiti washegari. Da an riƙe shi ta kai ba ta saiwa ba, aka mayar da shi gurbinsa nan take, ko aka tsoma shi a madara aka garzaya cikin awa guda, da akwai kyakkyawan zaton ya kama. Na dindindin kawai ake mayarwa, ban da na nono. Takarda guda a manne a ofishin shugaban makaranta za ta iya ɗauke wannan bayani.

Sannan muna roƙon ku kai maganar gaba, ga masu iko da haraji da masu sa ido kan ingancin kaya, cewa man goge baki mai fuloraid magani ne na kariya, ba kayan ƙawa ba. A sauƙaƙa shi yadda talaka zai iya saya, a kuma riƙa gwada wanda ke kasuwa a tabbatar abin da aka rubuta a jikinsa yana ciki. Inda ruwan ƙasa ke da fuloraid fiye da kima har yake ɓata launin haƙoran yara, a auna a sanar da mutanen wurin.

Ranar 20 ga Maris ta kowace shekara ce Ranar Lafiyar Baki ta Duniya. Muna roƙon kafin mai zuwa ku sanar da jama'a a rubuce waɗanne daga cikin waɗannan buƙatu za ku fara da su, a waɗanne cibiyoyi, da kuma ofishin da iyaye za su tuntuɓa in sun je ba a duba ba. Mu malamai mun ɗauki alkawarin ware lokacin gogewa a kowace ranar makaranta, da adana buroshin yara cikin tsafta, da tara muku iyaye duk ranar da kuka turo mana ma'aikaci.

Allah Ya taimake ku, Ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku.

Wassalam.

Taku,
Wata malamar firamare, a madadin malamai da iyayen yara